Randuna Biyu a Hanyar Damagaram

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke cikin ruwa da abin da ke cikin zukata. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shekarar da aka cire tallafin mai, janaretoci suka yi shiru a Kazaure, aka kuma rufe iyakarmu da Nijar, ba wanda zai manta da ita. A shekarar da ta biyo ta muka yi tafiyar nan, bayan an buɗe iyaka, an gama azumi, zafin bazara yana kan ganiyarsa. Tun da na dawo ba ni da sakat. In na fito daga masallaci a nan Roni sai a tare ni: "Na'ibi, wai da gaske randa kuka kai Damagaram?" Wani yana tambaya don ya sani, wani don ya samu abin dariya a majalisa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, daga fita har komowa.

Wanda na raka shi ne Malam Haruna, mutumin Gwiwa, abokina tun ƙuruciya. Ni na tsaya a karatun zaure, shi ya wuce boko, ya koyar da fiziks a wata sakandare a Kazaure har ya yi ritaya. Yana sabon malami ya ji a rediyo cewa wasu masana biyu a Amurka sun samu irin wutar da ke ci a cikin rana, amma a cikin kwalba, a kan tebur. Yadda ya bayyana mini, rana tana ci ne saboda ƙananan ƙwayoyin zarra suna haɗewa da juna, kuma ba sa haɗewa sai da zafin da hankali ba ya ɗauka. Mutanen nan biyu suka ce sun sa su haɗe a cikin ruwa mai sanyi. Duniya ta ɗauka. Masana a ƙasashe suka gwada, mafi yawansu ba su ga komai ba, aka ce kuskuren awo ne. 'Yan kaɗan suka ƙi saki, har yau suna nan suna cewa sun ga zafi. Malam Haruna ya shiga cikin 'yan kaɗan ɗin nan daga ɗakin bayan gidansa.

Kayansa ba su da yawa. Kwalba ce mai ruwa da wani gishiri, da zaren ƙarfen da ake kira nikel a ciki, ana ba ta wuta daga batir. Sai ya nutsa kwalbar a randa mai ruwa. A randa ta biyu ya nutsa wata kwalbar mai waya ta banza, ya ba ta wuta daidai da ta farko. In ruwan randar farko ya fi ɗumi, to akwai zafin da ba daga batir ya zo ba. Kuma yakan fi ɗin. Ba kullum ba, amma yakan fi.

Akwai mutum ɗaya da ya dame shi a duniya, Malam Yohanna, malamin kemistiri, Kirista daga kudancin Kaduna, wanda suka yi aiki tare tun suna samari. Abotarsu ta kai matar Yohanna, Maman Bitrus, ita ta zauna da iyalin Haruna a haihuwar 'yarsu ta fari, Asma'u. Wata rana a ɗakin malamai, a gaban kowa, Yohanna ya ce masa: "Haruna, ba rana ce a randarka ba, awonka ne bai yi ba." Aka yi dariya. Haruna ya miƙe ya rantse da Allah ba zai sake taka ƙofar gidan Yohanna ba sai ya zo da hujja a hannu. Shekaru suka tafi. Maman Bitrus ta kwanta ciwo, ta rasu, duk unguwa ta je gaisuwa, Haruna bai je ba. Na yi masa magana har na gaji. Yana cewa: "Zan je, Na'ibi. Da hujjata zan je, in yi gaisuwa kaina a sama."

Sai ga labari Yohanna yana haɗa kaya, 'ya'yansa sun ce ya koma gida kafin ruwa ya sauka. A makon ne Haruna ya zo Roni a kan acaɓa, ko zama bai yi ba.

"Akwai wata Dokta Rabi a Damagaram," ya ce. "Ta yi aiki a ma'adinan arewacin Nijar, tana da na'urorin da ban taɓa riƙewa ba. Wani tsohon ɗalibina ya haɗa mu a waya. Ta ce in kawo kayana ta auna. In ta sa hannu, sai in wuce gidan Yohanna."

"Allah ya sa a dace. To ni me zan yi a can?"

"Shaida. Kai ka tsoma hannunka a randunan nan, ka ji da kanka. Kuma kai ne in ka ce ka ga jinjirin wata a kan dutsen Roni ba mai musa maka."

Gaskiya ne na tsoma hannu, ba sau ɗaya ba, kuma na ji bambanci. Ba ni da hujjar ƙin zuwa.

Mun tashi daga tashar Kazaure da hantsi. Haruna ya ce lallai da randunansa za a je, don kada a ce an canza wani abu. Ta farko tsohuwa ce, ta mahaifiyarsa marigayiya, baƙa wuluk don daɗewa, ya naɗe ta da bargo kamar jinjiri. Ita yake sa wa kwalbar nikel. Ta biyun sabuwa ce ja, ni aka ba ni ita. Direban ya dube mu sama da ƙasa.

"Baba, amarya za ku kai ne?"

"Aikin kimiyya ne," in ji Haruna.

"To kimiyya ta zauna a cinya, don but ɗin mota ya cika."

Haka muka bi ta Achilafiya, kowa rungume da randa, gwiwoyina suna kuka. Wata tsohuwa a bayanmu ta yi ta tambaya ko a Nijar ba su da magina. A Babura muka sauka don canjin mota. Na ajiye tawa a gindin bango na je alwala, na dawo na tarar wani ɗan dako ya jingina mata buhun masara, ta tsage daga baki har gindi. Na je in ba da haƙuri. Amma Haruna ko a jikinsa.

"Bar ta, ta kwatance ce. Sun sha fashewa, in saya wata. In dai ta Inna tana lafiya, shi ke nan."

Muka bar gutsattsarin a Babura.

A iyaka, ɓangarenmu ba a tsananta ba. Da muka tsallaka ne wani jandarma matashi ya buɗe jakar Haruna, ya ga batir, ga wayoyi, ga kwalabe da farin gari a leda. Fuskarsa ta canza. Ya tambaya mene ne wannan. Duk wanda ya san malamin makaranta ya san ba a yi masa irin wannan tambaya. Haruna ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa, ya ce: "Wato, ɗana, wannan gwaji ne na makamashin nukiliya..." Na taka masa ƙafa, amma kalmar ta riga ta fita.

Aka sauke mu, motar ta tafi ta bar mu. Aka zaunar da mu a gindin bedi, nesa da kayan, har muka yi azahar a nan. Ba wanda ya ci mana mutunci, an ma ba mu ruwa, sai dai duk wanda zai wuce kusa da randar sai ya yi kwana. Daga baya babbansu ya zo, dattijo mai furfura a gemu. Haruna ya ba shi lambar Dokta Rabi, suka yi magana da Faransanci, na ji yana dariya. Ya dawo ya leƙa cikin randar.

"Ku mutanen Najeriya ba ku ƙarewa," ya ce. "Da mai kuke kawo mana a jarka, yanzu kuma kuran a randa." Kuran suke ce wa wutar lantarki. "Ku tafi, Malam. In ta kama, ku fara da garinmu."

Mun ci abinci a Magarya: dogon burodinsu mai tauri kamar sanda, da nama da romo. Mai abincin ya karɓi nairarmu yana juya ta kamar an ba shi ganye, ya ce da sefa ce da ya fi so. Ban ji daɗi ba, don na san lokacin da su ke roƙon a ba su naira. Hanyarsu ba faɗi, amma direba ba ya gudu, kuma in an ɗaga igiya a shinge kowa yana fitar da katinsa ba gardama. A wurinmu da an tsaya ana "ka san ko ni wane ne."

Muka shiga Damagaram da yamma. Duwatsunta sun tuna mini da Kazaure, har na ji kamar kewayawa muka yi muka dawo. Masaukinmu gidan Alhaji Mamman ne, mai fataucin fata, wanda mahaifinsa ya yi karatu a zauren mahaifina. Ya ba mu ɗakin zaure, aka kawo dambu da zogale, da kilishin da ban taɓa cin mai laushinsa ba. Bayan abinci sai shayi, a 'yan kofuna kamar na wasan yara, ana dafawa ana sakewa, na farko ɗaci kamar magani. Na shanye nawa na miƙe, Alhaji ya riƙe mini riga ya ce ba a tashi sai an sha na ƙarshe. Su malamin boko mushe suke ce masa, makaranta kuma lakwal. Kafin mu kwanta duk gidan suna kiran abokina Mushe Haruna, shi kuwa yana jin daɗi. Da safe Alhaji ya kai mu kasuwa wurin matan garin Miriya masu tukwane, muka zaɓi sabuwar randa daidai girman tsohuwar.

Dokta Rabi ba ta wuce sa'ar 'yar Haruna ta fari ba. Ta tarbe mu a ƙofar ɗakin gwaji na makarantar da take koyarwa, ta rusuna ta gaishe mu, tana kiransa Baba. Ba ta yi dariya ba da ta ga randa, wannan ya sa na ji ta kwanta mini. Ta bar shi ya haɗa komai da hannunsa yadda ya saba. Ta kawo ma'aunan zafi nata, ta gwada su a ruwa ɗaya ta ga sun yi daidai, sannan ta tsoma ɗaya a kowace randa. Ta ajiye wata na'ura a gefe mai ƙara ƙas, ƙas, jefi-jefi, ta ce ita ke jin tururin nukiliya in akwai.

Sai jira. Da rana ta take garin ya mutu, shaguna suka rufe, kowa ya tafi hutun tsakar rana, abin da ba mu saba da shi ba. Mu dai muna zaune. Can wajen la'asar ta duba, ta sake dubawa, ta ce: "Baba, tsohuwar ta fi ɗumi. Ba kaɗan ba."

Haruna ya zauna a ƙasa. Yana ta "Alhamdulillahi, alhamdulillahi." Ya dube ni ido jajur ya ce: "Na'ibi, ka ji ko? Da ma'auninta."

"Na gani," in ji ta. "Amma ka saurari wannan." Ta nuna na'urar mai ƙara. "Yadda take tun safe, haka take yanzu. In ƙwayoyin zarra ne ke haɗewa har su ba da zafi irin wannan, ta hanyar da muka sani, da yanzu tana kururuwa, mu kuma da ba mu kai gobe ba."

"Ta hanyar da kuka sani," in ji Haruna. "Masu wannan aiki sun ce wata hanya ce dabam, ba ta fitar da tururi. Ko an gama sanin ikon Allah ne?"

"Ba a gama ba, Baba. Kuma ban ce maƙaryata ba ne. Akwai masu hankali a cikinsu, na karanta aikinsu. Sai dai abin nan ya ƙi zama. Wannan ya gani, wancan ya bi duk abin da ya faɗa bai gani ba. Shi kansa wanda ya gani, in ya sake, wani lokaci babu."

"Haka yake! Nawa ma haka yake, yana zuwa yana tafiya. Shi ya sa na zo da shaida." Ya nuna ni. "Wannan na'ibin limami ne. Bai taɓa ƙarya ba. Ya tsoma hannu shekara da shekaru. A garinsu da maganarsa ake ɗaukar azumi."

Na ji nauyi, amma na faɗi abin da na sani: na tsoma, na ji ɗumi a ɗaya, sanyi a ɗaya. Ta saurare ni har na gama, da ladabi.

"Malam, in tambaye ka. In ka ga jinjirin wata kai kaɗai, sauran mutane ba su gani ba, me ake yi?"

"In adalai sun shaida, ana karɓa."

"To washegari fa?"

"Washegari ai kowa zai gan shi, har mai ciwon ido."

"To wannan watan, an fi shekara talatin ana cewa an gan shi. Washegarin ce ba ta zo ba."

Ta juya wurin Haruna ta ce abu ɗaya take roƙo: gobe a musanya. A sa kwalbar nikel a sabuwar randa, ta banzar a tsohuwa.

"A'a," ya ce da sauri. "Ba a taɓa raba su ba. Abin yana da laulayi, in an motsa shi..."

"Baba, in zafin na kwalba ne, zai bi ta duk inda ta je. In ya bi ta, ni da kaina zan rubuta, in sa hannu, in kira waɗanda suka fi ni."

A hanyar komawa masauki yana ta magana, yana tsara yadda zai shiga gidan Yohanna, abin da zai fara faɗi, yadda ba zai yi masa gori ba. Ya ci tuwo sosai a ranar. Ni kuwa tambayar watan nan ta tsaya mini a rai.

Washegari aka musanya. Aka zuba sabon ruwa daga famfo ɗaya, aka kunna, aka zauna. Na'urar nan tana ta ƙas, ƙas ɗinta. Da lokaci ya yi Dokta ba ta duba ba, ta ce Haruna ya duba da kansa. Ya sunkuya a kan tsohuwar randa, ya daɗe. Ya koma kan sabuwar. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

Tsohuwar ce ta fi ɗumi. Kwalbar nikel tana cikin sabuwa, ruwanta sanyi ƙalau.

"Wataƙila ragowar jiya ce," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Yumɓun ya riƙe zafi."

Ba ta yi musu ba. Ta ce a fitar da kwalaben duka, a zuba ruwa zalla, a bar su su kwana. Da safe muka dawo. Ba batir, ba waya, ba nikel. Tsohuwar ta fi ɗumi.

Ta kama hannunsa ta ɗora a jikin sabuwar randa. Jiƙe take, tana naso. Ta ɗora a jikin tsohuwar, a bushe ƙamas.

"Sabuwa tana gumi, iska tana shan gumin, ruwa ya yi sanyi. Wannan kuwa shekaru sun toshe ta, ba ta gumi. Baba, ba ka taɓa gwada su da ruwa zalla ba?"

"Na gwada! Tun farko na gwada, suka yi daidai. Ni malamin fiziks ne, 'yata."

"A wane lokaci ne na shekara?"

Na ga lokacin da amsar ta zo masa, don fuskarsa ta zube kamar an zare mata wani abu.

"Dogon hutu," ya ce. "Da damina."

Ba sai an ƙara ba. Ko ni na san da damina ba randar da ke sanyaya ruwa, sabuwa ko tsohuwa. Da rani zafinsa ya zo, da damina ya ɓace, shi kuma ya karanta cewa haka abin yake, yana zuwa yana tafiya, sai ɓacewar ma ta zama masa hujja. Randar kwatance kuwa duk sanda ta fashe sai ya sayo sabuwa, ta Inna ce kaɗai ake lallaɓawa. Hannuna bai yi ƙarya ba, ruwan da ɗumi. Na shaida gaskiya, kuma shaidar tawa ba ta da amfanin komai.

Ya tambaye ta, kamar yaro: "To na sauran fa? Na ƙasashen waje? Su ma randa ce?"

"Ban sani ba, Baba. Naka kawai na auna. Wasu an gano irin wannan a nasu, wasu har yanzu ana gardama. Ni dai ban ga abin da zai sa in gaskata ba, kuma Allah ya sani ina so in gani."

Ta roƙe shi ya bar mata kwalaben da wayoyin, ta riƙa nuna wa ɗalibanta yadda awo ke yaudarar mai gaskiya. Ta faɗe shi da kyakkyawar niyya. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce: "Ɗauki. Ashe dai zan koyar a Nijar."

A masauki bai ci komai ba. Alhaji Mamman ya yi ta "Mushe, ko fura," yana girgiza kai. Bayan la'asar muna zaune a zaure mu biyu, yana kallon randar a naɗe cikin bargonta.

"Na'ibi, ɗalibai nawa na tsayar a gaban abin nan na ce musu su ne za su haska Jigawa? Ƙuruciyata tana cikin randar nan. Idona ma a nan ya tafi." Ya shafa bargon. "Maman Bitrus ta rasu ban je ba. Saboda randa ba ta gumi."

Na ce masa abin da na sha faɗa masa: wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya aikata alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai. Ƙofa a buɗe take tun ranar farko.

"Na sani," ya ce. "Tun ranar na sani. Ba rantsuwar ce ta hana ni ba."

"To yanzu fa?"

"Yanzu da me zan je? In ce masa me? Gara ya tafi kawai. Ya tafi yana ganin ina da wani abu."

Ban matsa masa ba. Na yi masa addu'a a zuciyata, don na ga mutumin da aka kwashe wa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa.

Komowa ba ta da labari mai yawa. Sabuwar randar muka bar wa iyalin Alhaji, tsohuwar tana cinyarsa. A iyaka muka tarar da dattijon jandarman nan, ya gane mu tun daga nesa, ya taho yana murmushi.

"Malam mai kuran! Ta kama?"

"Ba ta kama ba."

Na zaci zai yi dariya. Sai ya tsaya, murmushin ya tafi. "Kash," ya ce. "Wallahi na gaya wa iyalina. Mun sha duhu bara." Ya ɗaga mana igiya da kansa.

Mun iso Kazaure rana ta yi sanyi. Na nufi inda 'yan acaɓan Roni suke, sai na ji ya riƙe mini hannun riga.

"Raka ni," ya ce.

Ban tambaye shi ina ba. Ya ba wani mai shago ajiyar randar, muka shiga Keke Napep. A ƙofar gidan Yohanna akwai babbar mota, an ɗora gadaje da kujeru ana ɗaurewa. Haruna ya tsaya a bakin ƙofar, ya daɗe yana kallon dokinta. Sannan ya cire takalmi ya yi sallama.

Yohanna yana zaune a kan wani akwati a tsakar falon da ba komai, ya rame, kansa fari fat. Ya ɗago ya gan mu, bai tashi ba, bai kuma yi mamaki ba. Haruna ya durƙusa a gabansa kamar yadda ake yi a gidan makoki.

"Yohanna, ya haƙuri? Ya haƙurin Maman Bitrus? Allah ya ba ka dangana, ya raya abin da ta bari."

Ya faɗe shi kamar jiya aka yi rasuwar. Yohanna ya amsa kamar jiya aka yi: "Haƙuri da godiya. Na gode, na gode."

A waje ana ta "ja igiyar, ja."

"An ce ka je Nijar," in ji Yohanna. "Ka zo da hujjar?"

"Na zo da ita. Taka ce. Awona ne bai yi ba."

Yohanna ya sunkuyar da kai yana murza gwiwarsa. "Allah ya sani, Haruna, ban so ta zama tawa ba. Duk sanda aka ɗauke wuta sai in ce, kai, da ma mahaukacin nan ya kunyata ni." Ya ja numfashi. "Kuma bai kamata in faɗa a gaban mutane ba."

"Bar wannan. Gaisuwa na zo."

"Ta yi ta tambayarka a asibiti. Kullum sai ta ce, Baban Asma'u bai zo ba? Ni kuma in ce mata kana hanya." Ya matsa gefe a kan akwatin, ya buga wurin da tafin hannu. "To, ga shi ka iso. Ban yi mata ƙarya ba. Zauna."

Haruna ya zauna. Ni na fita na bar su, don abin da ya rage ba na shaida ba ne. Da safe motar ta tashi zuwa kudu, Haruna ya koma Gwiwa, ya yi kaffararsa a makon.

Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda ya tambaye ni don ya sani, ga shi. Wanda ya tambaya don dariya, ya ji tsoron Allah ya bar bawan Allah nan ya huta. Allah ya nuna mana gaskiya tun da sauran lokaci.